Husufin Wata na Ɓangare da Lissafin Dawowarsa

Husufin wata, wanda jama'armu ke kira zazzaɓin wata, yana aukuwa ne idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa a kan watan. Idan inuwar ta rufe shi ɗungurungum, husufi ya zama cikakke. Idan kuwa gefe guda kawai ta kama, shi ne husufin ɓangare. Ba ya faruwa sai wata ya cika, wato wajen daren 14 ko 15 ga watan Musulunci.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba a yin husufi kowane wata? Dalili shi ne hanyar da wata ke bi ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana. Saboda haka galibi watan yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar. Sai bayan kimanin kwana 173 ne ake samun lokacin da ukun ke iya daidaitawa, kuma a irin wannan lokaci husufin rana da na wata sukan zo mako biyu tsakani.

Misalin da da yawa daga cikinmu suka gani shi ne na daren 16 ga Yuli, 2019, inda inuwa ta rufe kusan kashi biyu cikin uku na faɗin wata da misalin ƙarfe 10:30 na dare agogon Nijeriya. Mako biyu kafin nan, ran 2 ga Yuli, an yi cikakken husufin rana a ƙasashen Cile da Ajantina.

Tun zamanin Babila masana taurari suka lura cewa husufi yakan dawo da kusan kamanninsa bayan wata 223. A lissafin Hijira wannan shekara 18 ne da wata 7. A na Miladiyya kuwa shekara 18 da kwana 10 ko 11, da ƙarin kusan awa takwas. Ana kiran wannan zagaye Saros. Husufin 2019 ya gaji na 5 ga Yuli, 2001, wanda ba mu gani ba a nan domin ya faɗo da la'asar, rana na sama. Waɗannan awowi na ƙari su ne ke sauya ƙasashen da za su gani. Magajinsa zai zo ran 27 ga Yuli, 2037, da asuba, kuma zai fi na 2019 girma.

Muna jawo hankalin hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi ga wannan lissafi domin yana da amfani ga zaman lafiya. A daren 9 ga Janairu, 2001, husufin wata ya zama sanadin tarzoma a Maiduguri, inda matasa suka ƙona otal-otal da mashaya bisa zargin cewa zunuban masu su ne suka jawo shi. Alhali an san ranarsa shekaru da dama kafin ya auku, kuma magajinsa ya zo kan lokaci ran 21 ga Janairu, 2019. A ganinmu, sanar da jama'a tun da wuri ta rediyo, masallatai da majami'u ya fi kwantar da tarzoma sauƙi. Husufin wata ba ya cutar da ido, ko mai ciki, ko amfanin gona, kuma ana iya kallonsa ba tare da wani tabarau ba. Na rana ne ke buƙatar kariya ta musamman.