Masu Ɗori da Likitocin Gashi a Ƙasar Kazaure

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Daura, ya ratsa ta tsakanin duwatsun Kazaure, ko ya karkata yamma zuwa Roni da Gwiwa, ko kuwa ya yi gabas zuwa Babura da ke dab da iyakar Nijar, zai tarar da jama'ar da abincinsu yake rataye a kan ƙarfin gaɓoɓinsu, domin manomi da makiyayi da maƙeri da mai dakon kaya babu wanda yake da wani jari da ya wuce hannuwa biyu da ƙafafu biyu. Tun zamanin da Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure wajen shekarar 1819, yana gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, lokacin da faɗowa daga kan doki da sarar takobi suke abin yau da kullum, har zuwa wannan zamani namu na babur da motar haya, ƙasar ba ta taɓa wadatuwa daga mutumin da zai mayar da gaɓa ga aikinta bayan ta sami illa ba.

Na farko a cikin wannan silsila shi ne maɗori. Galibi sana'arsa gado ce, yaro yakan tashi yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar majinyaci, yana fere masa karare, yana kallon yadda ake shafa wuri da yatsu har a bambance karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, alhali ba a taɓa zaunar da shi an karanta masa darasi ba. Idan an kawo wanda ya karye, sai a ja gaɓar a daidaita ta, a yi tofi, a jera karare a ɗaure da tsumma, sa'an nan bayan kwanaki a kwance a duba, a murza da man shanu ko man kaɗanya, a kuma umarci mutum ya fara taka ƙafar sannu a hankali. Da yawa daga cikinsu ba sa yanka farashi, abin da ya sawwaƙa shi ake bayarwa, saboda imanin da suke da shi cewa baiwa ce daga Allah, kuma kwaɗayi yana zubar da albarkarta. Malamai ma sun san da zamansa, gama littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yi bayanin hukuncin shafa a kan ɗori ga mai alwala, kamar yadda suka tabbatar da cewa wanda ya shiga harkar ɗibbu ba da sani ba, ya jawo ɓarna, to lamuni yana wuyansa. Wannan hukunci na biyu ya cancanci a riƙa tunawa da shi fiye da yadda ake yi.

Amma akwai lalurorin da hikimar maɗori ba ta kai gare su ba. Yaron da zazzaɓi ya kwantar, ya tashi ƙafa ta saki, sai a ce shan-inna ne, a jingina abin ga iska, a nufi gidan boka ko 'yan bori. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, sai a yi masa rubutu da turare, a shimfiɗe shi a ɗaki. Wanda kuturta ta ci wa yatsu kuwa, sai a ware masa ƙwarya. Al'umma ba ta yar da waɗannan bayin Allah ba, hasali ma ta yi musu tsari, ta naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, ta ba su rabo a cikin zakka da sadakar Juma'a. Sai dai a ganina tsarin ya tsaya ne ga ciyarwa, bai kai ga tayarwa ba: an yarda gurgu ya ci, ba a yi tunanin cewa zai iya riƙe allura ko guduma ya ciyar da wani ba.

Kuturta ce ta fara buɗe wata ƙofa. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka miƙa sansanonin kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato ga 'yan mishan na SIM, waɗanda daga baya suka kafa makarantar yara maza a Roni. Musulmi sun yi shakkar manufarsu ta addini, kuma shakkar tana da dalili, amma a irin waɗannan sansanoni ne aka riƙa sa majinyaci noma da aikin hannu tare da shan magani. Bayan da likita Paul Brand ya nuna a Vellore ta ƙasar Indiya cewa mafi yawan asarar yatsu ba cutar ce take cinye su kai tsaye ba, mutuwar jijiyar ji ce take sa mutum ya ƙone ko ya ji rauni bai sani ba, sai koya wa majinyaci jiƙa ƙafa da shafa mai da duba tafin hannu kowace rana ya zama wani sashe na jinya a ko'ina.

Gashin ƙashi irin na asibiti kuwa yaƙi ne ya kawo shi. A shekarar 1945 aka zo da Turawan Ingila biyu, Miss Manfield da Mista Williams, asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, domin su kula da sojojin da suka komo daga yaƙin Bama da raunuka, kuma sananne ne cewa 'yan Arewa suna da yawa ƙwarai a cikin rundunonin da suka je can. Su ne suka fara horar da mataimaka 'yan ƙasa. A 1959 ma'aikatan wannan fanni suka kafa ƙungiyarsu ta Nijeriya, a shekarar nan kuma aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda har yau shi ne makomar mutumin Kazaure ko Babura idan karaya ta gagari gida. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a 1966, aka kafa hukumar rajista da ladabtar da masu wannan aiki a 1988, amma Arewa ba ta sami makarantarta ba sai a ƙarshen shekarun 1980, da aka buɗe ta a Kano, wadda yanzu ta zama sashe a Jami'ar Bayero. Wato kenan an yi fiye da shekara 40 ana wannan ilimi a ƙasar nan kafin ɗan Arewa ya sami damar koyonsa a kusa da gida, kuma wannan jinkiri shi ne asalin ƙarancin da muke fama da shi.

Likitan gashi na yau ya bi tafarkin da ya saɓa wa na maɗori ta kowace fuska. Ba gado ya yi ba, jarrabawa ya ci. Ya shekara biyar ko fiye yana nazarin ƙashi da tsoka da jijiya, ya yi shekara guda ta gwajin aiki a babban asibiti, aka ba shi lasisi, sa'an nan ya yi hidimar ƙasa. Ɗan'uwansa mai koya wa naƙasasshe ayyukan rayuwa, wato yadda zai ci abinci da hannu ɗaya, ya sa riga, ya yi tsarki da alwala, ya koma kan keken ɗinkinsa, shi ya fi ƙaranci nesa ba kusa ba, tun da makarantun farko na wannan fanni a Kudu aka kafa su. Dukansu biyu kuwa birni yake riƙe su, saboda can ne kayan aiki da ƙarin karatu suke, wasu ma su wuce Saudiyya ko Ingila, ba kuwa zan zarge su ba, kowa yana da iyali.

Masana a Hukumar Lafiya ta Duniya sun hango wannan giɓi tun bayan taron Alma-Ata na 1978, suka fito da tsarin kai aikin farfaɗo da naƙasassu cikin ƙauye, inda ƙwararre guda zai horar da ma'aikacin lafiya na karkara, shi kuma ya horar da dangin majinyaci, a yi amfani da abin da yake akwai, gora biyu a kafa su zama madogara, buhun yashi ya zama ma'auni. Mu a nan shan-inna ce ta nuna mana tsananin bukatar haka. Ƙin rigakafin da aka yi a Kano a 2003, wanda bai ƙare ba sai a 2004, ya bar yara masu yawa a gurgunce a wannan yanki, kuma ko da yake an shaida a ranar 25 ga Agusta 2020 cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka, yaran nan suna nan, sun zama magidanta. Abin lura shi ne cewa waɗanda suka fi amfanar da su 'yan'uwansu ne: Aminu Ahmad Tudun Wada da ƙungiyarsa ta masu shan-inna a Kano sun koyi walda, suna ƙera keken guragu, suna koya wa wasu. Jihar Jigawa kuma, wadda aka yanka daga Kano a 1991, ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, abin da ya rage wa wasu bara, ko da yake kuɗi ba ya miƙar da gwiwar da ta ƙage.

A halin da ake ciki, idan hawan jini ya kayar da magidanci a wani ƙauyen Gwiwa, a kai shi babban asibitin Kazaure ko Kano, a sallamo shi, to wadda za ta juya shi kada ya yi gyambon kwanciya, ta lanƙwasa masa hannu safe da yamma, matarsa ce ko 'yarsa, kuma sau da yawa ba wanda ya zauna ya nuna mata yadda ake yi. Idan kuma yaro ya faɗo daga babur, gidan maɗori za a fara zuwa, domin yana kusa, yana da sauƙi, an kuma san ubansa da kakansa. Likitocin ƙashi sun daɗe suna kokawa kan gaɓoɓin da ake yankewa saboda an tamke ɗori jini ya daina gudu, abin da za a iya kauce masa da bayani kaɗan: yatsu su yi sanyi ko su yi baƙi, zafi ya tsananta, ƙashi ya huda fata, duk waɗannan alamu ne na a kwance a garzaya asibiti. Masarautar Kazaure tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane maɗori da sunansa, kuma ta hannunsu aka bi aka shawo kan jama'a a lokacin rigakafin shan-inna. Ta wannan hanya ɗaya za a iya tara maɗoran Roni da Gwiwa da Kazaure, na Babura kuma ta hannun masarautar Ringim, a haɗa su da likitocin gashi a zaure guda, a koya musu waɗannan alamu, a kuma ba su sunan asibitin da za su tura majinyaci.