Yadda Kibod Ya Samu Gindin Zama a Ƙetaren Kogin Kaduna

Da wuya ka ga takardar kiɗa a gaban yaron da ya fara taɓa kibod a Sabon Tasha ko Narayi. Waƙar da ya tashi yana ji a coci ita ce darasinsa na farko, kuma abin ya samo asali tun da nisa.

Jirgin ƙasa ne ya fara tara jama'a a ƙetaren kogi. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, kamfanin Peugeot ya biyo baya a 1975, sai ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kudancin Zariya da Filato da Binuwai da kudancin ƙasa, kowa da cocinsa. Yawancinsu sun zo da gadon 'yan mishan: Littafin Waƙoƙi na Hausa, da tsarin do-re-mi da wani fasto a Ingila, John Curwen, ya yaɗa tun shekarun 1840 domin talaka ya iya rera waƙa ko bai yi karatun kiɗa ba.

Turawa kuwa sun daɗe da tanadar wa ɗan koyo nasa kiɗan. Bach ya haɗa wa matarsa Anna Magdalena littafi a 1725, Schumann ya rubuta na yara a 1848, littafin koyon piyano na Smallwood ma ya shigo Najeriya ya karɓu. Sai dai piyano na katako ba na kowa ba ne. Ga tsada, ga bushewar hunturu da ke ɓata masa murya, mai gyara kuma sai an tona.

Ƙananan kibod na Casio da Yamaha ne suka buɗe ƙofa daga shekarun 1980. Bayan rikicin da aka yi a Kaduna a shekarar 2000, Kiristoci da yawa suka koma kudancin kogi, coci-coci suka ƙaru, kowace tana neman makaɗi.

A waɗannan coci-coci, mai koyar da kibod kan zaɓi waƙa mai tafiyar hawainiya. Hannun dama ya bi muryar, na hagu ya riƙe do, fa da so. Da yaro ya kuskure kunnensa zai gaya masa, tunda ya san waƙar, kuma ba a daɗewa ake ba shi dama a sujadar yara. A ganina dabarar ta yi. Inda gizo ke saƙa shi ne maɓallin nan da ke ɗaga murya ko sauke ta: wasu sun shekara suna kiɗa ranar Lahadi, amma yatsunsu ba su taɓa barin wurin da suka fara koyo ba.