Daga Ramukan Yaƙi Zuwa Sakkwato: Tarihin Gyaran Muƙamuƙi

A wannan makon za mu waiwayi tarihin wani ƙashi da ba mu cika tunawa da shi ba, alhali da shi muke tauna, da shi muke magana: muƙamuƙi.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojoji na fakewa a ramuka, kai kaɗai ke leƙowa, shi ya sa harsashi ya yi ta cin fuskoki. A 1917 aka buɗe asibitin gyaran fuska a Sidkof ta Ingila, inda likita Harold Gillies ya yi suna. Ya san cewa tsokar da aka raba da jininta mutuwa take yi. Don haka sai ya yanko fata daga ƙirji, ya naɗe ta kamar bututu, ya bar gefe guda manne da jiki, har ɗaya gefen ya kama a fuska. Aikin kan ɗauki watanni.

A 1975, Ian Taylor na Ostireliya ya ciro siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa, ya dasa a wata ƙafar, ya ɗinke jijiyoyin ta madubin ƙara girma. A 1989, David Hidalgo a Amurka ya bayyana yadda ya gina muƙamuƙi da wannan ƙashin. Mai shi zai ci gaba da tafiya, domin babban ƙashin ƙwauri ne ke ɗaukar yawancin nauyin jiki.

Sai 2011, aka sa wa wata tsohuwa mai shekara 83 muƙamuƙin ƙarfen titaniyom a Holan. A Beljiyam aka ƙera shi: kwamfuta ta auna fuskarta, na'urar 3D ta narka garin ƙarfen shimfiɗa bisa shimfiɗa.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. Cutar noma, mai zaizaye baki da ƙashin fuskar yaran da tamowa ta raunana, tana nan cikinmu. Tun 1999 akwai asibitinta a Sakkwato, inda ake gyara irin waɗannan fuskoki, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar Najeriya.

Sai dai rigakafi ya fi magani. Daga kumburin dasashi take farawa, kuma idan aka kai yaro asibiti da wuri, magani kan tsayar da ita tun ba a kai ga wuƙar likita ba.