Tsohuwar Takarda Ba Shara Ba Ce

Jama'a, a gidajen sarakuna, da na malamai, da na jikokin fatake, akwai tsofaffin takardu cikin gafaka ko cikin adaka. Wasu an rubuta su da Larabci, wasu da ajami. Wasu na ɗauke da hatimin sarki. Mutane da yawa ba su san darajarsu ba.

Bari mu soma da labarin wata ƙasa mai nisa. A Amurka, wajen shekara 200 da suka wuce, akwai masu farautar wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kifi, wadda Faransawa ke kira balen. Kitsenta suke narkewa su sami man fitila. Jirginsu na ruwa kan yi shekara uku ko huɗu bai dawo gida ba. Kafin ya tashi, ana ba shugaban jirgin takardar shaida wadda shugaban ƙasa ya sa wa hannu, don kada a tsare shi a ƙasar wasu. A 1859 aka haƙa rijiyar man fetur a Amurka, kananzir ya yawaita, sana'ar ta yi ta ja da baya. Jiragen sun ruɓe, amma takardun na nan. A garin New Bedford an yi musu gidan ajiya, kuma masu tara kayan tarihi na sayen irinsu da tsada.

Mu a nan ba mu da teku. Hamada ce tekunmu, raƙumi ne jirginmu, madugu shi ne shugaban jirgi. Ayari kan taso daga Tarabulus, ya bi Gadamas da Gat da Abzin da Damargu, ya sauka Damagaram ko Tasawa, ya wuce Kano. Yana kawo tufafi da takarda da duwatsun ado. Yana komawa da fatu da hauren giwa da gashin jimina. A da can har da bayi. Shi ma baƙon da zai ratsa wannan hanya yana bukatar takardar sarki.

Ga misali. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850. Sarkin Agadas Abdulkadir ya ba shi wasiƙu zuwa ga sarakunan Daura da Katsina da Kano. Ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa, ya iso Tasawa a watan Janairu 1851. Ya rubuta abin da ya gani a kasuwar garin da marinarsa. Saboda wannan rubutu ne muka san kamannin Tasawa ta wancan zamani.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga kudu. Kaya suka koma bin hanyar Ikko, fataucin Tarabulus ya mutu, kamar yadda kananzir ya karya farautar balen. Madugai sun tafi. Abin da ya rage shi ne wasiƙunsu, da takardun bashi, da na gado.

Marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin Nijar har 1974, ya gane haka. Ya sa an bi gari gari ana tattara tsofaffin rubuce-rubuce. Yau dubbansu na ajiye a Yamai, a ma'aikatar bincike ta IRSH, ɗalibai na karanta su.

To, mu mutanen Atantane da Mayahi da Tasawa fa? Takarda na da abokan gaba uku: gara, da ɗigar ruwan damina, da rashin sani. Kada a ajiye ta a ƙasa. A naɗe ta cikin tsabtataccen ƙyalle, a sa ta cikin adakar ƙarfe, a ɗora bisa dutse. Kada a manna ta da gam. A sami mai waya ya ɗauki hotonta, a nemi malami ya karanta, a rubuta ma'anarta da boko. In baƙo ya zo saye, a yi shawara da dangi tukuna, don kuɗi na ƙarewa, takarda kuwa in ta fita ba ta dawowa.

Tsoho in ya rasu, ya tafi da abin da ke bakinsa. Amma abin da aka rubuta, jika zai tarar da shi. Ku da kuka koyi karatu, ku duba adakar kakanninku tun gara ba ta riga ku ba.