Matsa wa mace da neman lalata a wurin aiki: abin da dokar Nijar ta tanada

Mace da yawa takan haɗiye wannan magana, don tsoron rasa aiki ko don gudun surutun mutane. Amma a Nijar abin laifi ne da ake hukuntawa.

A shekarar 2003 aka ƙara aya ta 281-1 cikin kundin hukunta laifuka. Ayar ta tanadi ɗaurin wata 3 zuwa 6, da tarar jika 10 zuwa jika 100 na sefa, ga wanda ya takura wa wani da umarni, ko barazana, ko tilas, domin ya samu biyan buƙatarsa ta lalata. In mai laifin ya fake da ikon da muƙaminsa ya ba shi, ɗaurin na iya kusan kai shekara guda, tarar kuma ta kama daga jika 20 zuwa jika 200. Kundin dokar ƙwadago na 2012, a aya ta 45, shi ma ya haramta wannan hali a wurin aiki.

Sai dai ayoyin suna da giɓi. Sun fi duban shugaban da ke cewa "ki yarda ko ki rasa aikinki". Abokin aiki da ke damun mace kullum da maganganun batsa, ba tare da barazana ba, da wuya su kama shi. Tarar ma ba ta taka kara ta karya ba. Yarjejeniya mai lamba 190 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2019 ta fi faɗi, don ta haɗa da masu neman aiki, da masu koyon sana'a, da ƴan aikin da ba su da takarda.

Hanyar kai kuka biyu ce. Ta laifi, a shigar da ƙara wajen ƴan sanda, ko jandarmomi, ko mai gabatar da ƙara na gwamnati. Ta aiki kuwa, musamman in an kore ki saboda kin ƙi, a fara da sufeton ƙwadago na jiha, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. In sulhu ya faskara, sai kotun ƙwadago, inda ba a biyan kuɗin shari'a.

Abin da ya fi kayar da irin wannan ƙara shi ne rashin hujja, tunda a ɓoye ake yin abin. Kada ki share saƙonnin salula. Ki rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, kuma ki shaida wa wakilin ma'aikata ko wata amintacciya tun da wuri.