Idan sabuwar kwamfutar da ka haɗa ta ƙi karɓar Windows: inda za ka duba kafin ka sake kashe kuɗi

Mahaifina fataucin shanu yake yi a mayankar Oko-Oba da ke Agege, kuma tun tasowata lissafin bashin mahauta a littattafan makaranta yake rubuta shi. Bara ruwan sama ya jiƙa biyu daga cikinsu, muka sha rigima da mutane kan wa ya biya, wa bai biya ba. Daga nan na lallaɓa shi ya ba ni kuɗi in haɗa kwamfutar tebur, mu riƙa ajiye lissafi a ciki, ni ma in samu na buga takardu. Kuɗin da ya ƙirgo mini sun kai na ɗan bijimi. Na tafi Computer Village a Ikeja na sayo kayan ɗai-ɗai, na haɗa da hannuna, na kunna, fanka ta juya. Da na zo ɗora Windows sai aiki ya tsaya a tsakiya. Kwana uku ina abu ɗaya, Baba kuma kullum da yamma sai ya leƙo ya ce, "Kai, har yanzu saniyar taka ba ta tashi ba?"

Abin da na koya a kwanakin nan shi zan rubuta, don wanda ya shiga irin halin a Sabo ta Ibadan ko Fatakwal ko Onitsha kada ya ɓata lokaci kamar ni. Babban kuskurena shi ne maimaita ɗorawar sau da yawa ba tare da na canza komai ba. Wurin da aikin ya tsaya shi ke nuna maka ɓangaren da ke da laifi. Saboda haka ka fara lura: a ina ta tsaya, kuma me ta rubuta? Ɗauki hoton allon da wayarka kafin ka taɓa komai.

Idan allo bai nuna komai ba

Wannan ba matsalar Windows ba ce, ba ka ma kai wurin ba. Duba wayar allo tukuna. Idan ka sa katin hoto na daban, a jikinsa za ka jona ta, ba a jikin madabod ba, wato babban faifan da duk kayan ke hawa kansa. Furosesa ta Intel da lambarta ta ƙare da F ba ta fitar da hoto da kanta, dole sai da kati. Sai wayar wuta mai baki 8 da ke saman madabod kusa da furosesa, sababbin hannu suna yawan manta ta, su jona mai baki 24 kaɗai. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke faɗa maka inda aka maƙale. In RAM ɗinka DDR5 ce, kunnawar farko tana iya ɗaukar 'yan mintuna allo yana baƙi, kada ka yi saurin kashewa. Akwai kuma madabod da ta girmi furosesar da ka sa mata, kamar B450 da Ryzen 5000, wadda ba za ta tashi ba sai an sabunta BIOS ɗinta. Wannan tun a shago ya kamata ka tambaya.

Idan ta ƙi tashi daga filash

BIOS ita ce 'yar manhajar da ke cikin madabod, wadda ke fara aiki kafin komai. Ana shiga da maɓallin Del ko F2 da zarar ka kunna. Jerin abin da za ta tashi daga kansa kuma yawanci F8 ne a Asus, F11 a MSI da ASRock, F12 a Gigabyte. Idan sunan filash ɗinka ya fito sau biyu, zaɓi wanda ke da UEFI a gabansa.

In bai fito ba sam, mayar da shi ramin USB na baya, wanda ke jikin madabod kai tsaye, ka bar na gaban akwati. In har yanzu shiru, yadda aka shirya filash ɗin ne. Kwafe fayil ɗin Windows kawai ka jefa ciki ba ya aiki. Ana buƙatar filash mai 8GB ko fiye, a shirya shi da Media Creation Tool na Microsoft ko da manhajar Rufus. Dalilin da ya sa kwafin hannu ke lalacewa shi ne tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, babban fayil ɗin da ke cikin Windows 11 kuwa yakan wuce haka. Manhajojin nan biyu sun san yadda suke kewaye wannan. Shawarata, ka sauke naka daga shafin Microsoft ko da zai ci maka data. Wanda ake kwafa wa mutane a bakin titi ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma kwamfutar da za a ajiye lissafin kuɗi ba wurin gwaji ba ce.

Idan ta ce kwamfutar ba ta isa ba

Saƙon shi ne "This PC can't run Windows 11". Yana tayar da hankali ga wanda ya gama biyan kuɗi, amma yawanci saiti ne kawai. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman RAM 4GB, ma'ajiya 64GB, tashi ta hanyar UEFI, da wani abin tsaro mai suna TPM 2.0. Furosesa kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 na Intel, ko Ryzen 2000 zuwa sama. TPM ɗin yana nan cikin kusan duk kayan zamani, sai dai wani lokaci a kashe yake. Shiga BIOS ka nemi PTT idan Intel ce, ko fTPM idan AMD ce, ka kunna. Ka kashe CSM, wanda shi ne tsohuwar hanyar tashi, ka adana da F10.

Rufus yana da hanyar tsallake wannan binciken, kuma masu tsohon kaya suna amfani da ita. A sabuwar kwamfuta ban ga dalili ba. Komawa Windows 10 ma ba mafita ba ce mai ɗorewa, tunda Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Idan ba ta ga ma'ajiya ba, ko ta ƙi rubutu a kanta

Ka kai wurin zaɓar inda za a ɗora, sai ka tarar da fili babu komai. Koma BIOS ka ga ko ita tana ganin SSD ɗin. In ba ta gani, zama ne bai yi ba: ciro shi, ka sake tura shi a karkace har ya shige, ka ɗaure da ɗan sukurunsa. A wasu madabod, sa SSD irin M.2 yana kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA, littafin da ya zo cikin kwali zai faɗa maka waɗanne. In BIOS tana gani amma Windows ba ta gani, a kayan Intel daga zubi na 11 zuwa sama sau da yawa saitin VMD ne. Ko dai ka kashe shi, ko ka sauke direban Intel RST a filash, ka nuna masa ta wurin "Load driver". Direba a nan 'yar manhaja ce da ke sa Windows ta gane wani ɓangare na kayan.

Wani lokaci tana gani amma ta ce "Windows cannot be installed to this disk", ta ambaci MBR ko GPT. Waɗannan tsare-tsare biyu ne na raba ma'ajiya. MBR tsoho ne, ba ya wuce 2TB. UEFI da GPT take tafiya. Wannan ya fi samun masu sayen SSD tokumbo wanda ya taɓa aiki a wata kwamfutar. Danna Shift da F10 tare, baƙin allo zai buɗe. Rubuta diskpart, sai list disk, ka duba lambar naka ta girmansa, sai select disk da lambar, sai clean, sai convert gpt. A kula, don Allah: clean yana share komai nan take, ba ya tambaya sau biyu, kuma filash ɗinka ma yana cikin jerin. Shi ya sa na fi son a cire duk wata ma'ajiya daga kwamfutar a bar guda ɗaya tak har a gama. Hakan yana kuma hana Windows ajiye fayilolin tashi a kan wata ma'ajiyar daban, ranar da ka cire ta kwamfuta ta ƙi tashi.

Idan ta fara kwafa sannan ta tsaya

Nan ne na kwana uku. Tawa takan yi nisa, sai ta jefo lamba 0x8007025D, wani zubin kuma 0x80070570. Ma'anarsu a taƙaice, abin da aka karanto daga filash ba shi ne ya isa ma'ajiya lafiya ba. Tsakanin filash da SSD kuwa ta cikin RAM ake bi, don haka ɗaya cikin ukun ne ke ɓata kaya, ko kuma wuta.

Na fara zargin filash, kuma zargin yana da tushe. Jabun filash sun cika kasuwa: a rubuta 64GB a jiki, ainihin abin da yake ɗauka bai kai ko kusa ba, abin da ya haura sai ya lalace shiru. Wata 'yar manhaja kyauta mai suna H2testw tana cika filash da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. Nawa ya ci jarrabawar. Duk da haka na ari wani, na sake sauke Windows, data ta tafi, aiki ya sake tsayawa.

Abin da ya kamata in lura da shi tun daren farko shi ne ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. Yau kusa da farko, gobe ta kusa gamawa. Fayil ɗin da ya lalace a filash kullum a wuri ɗaya yake kayar da kai. Tsayawa nan da can alamar RAM ce, ko zafi, ko wuta. Wani dattijo mai gyara da muke sallah tare shi ya faɗa mini haka a ƙofar masallaci, bai ma ga kwamfutar ba. Ya ce, "Yaro, sanda nawa ka sa?" Na ce biyu, Baba. Ya ce in cire ɗaya.

Ga yadda ake yi. Da farko shiga BIOS ka kashe XMP, ko EXPO a sababbin AMD, wato saitin da ke ƙara wa RAM gudu. Kashe kwamfuta, zare wayar wuta, taɓa ƙarfen akwati da hannu, ka cire sandunan ka mayar har maƙallan su yi ƙas. A madabod mai ramuka huɗu, sanda biyu yawanci a A2 da B2 ake sa su, wato na biyu da na huɗu daga furosesa. Sannan ka sa MemTest86 a wani filash ka tashi daga kansa. Yana zagaye huɗu, yana ɗaukar sa'o'i, kuma kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja. In ya nuna, gwada sanda ɗai-ɗai a rami guda. Sandar da ta faɗi a ramin da 'yar uwarta ta ci, ita ce mai laifi. In duka biyun sun ci a wani rami suka faɗi a wani, to ramin ne, ko wani ƙaramin fil da ya lanƙwashe a mazaunin furosesa, ko an ɗaure fankar furosesa fiye da kima.

Nawa, sanda ta farko ta gama zagaye huɗu tsaf. Ta biyu ko minti goma ba ta yi ba kurakurai suka fara zubowa. Na ɗauki hoto, na ɗauki rasit, washegari da sassafe na koma shagon. Mai shagon ya so ya ce ni na ƙona ta, amma da ya ga hoton sai ya canza mini. Ku riƙe rasit, kuma ku gwada kaya a kwanakin farko, don garantin kasuwa gajere ne, na tokumbo ya fi gajarta. Da na ba Baba labari cewa ya yi, shi ko akuya ba ya biya sai ya buɗe bakinta.

Zafi da wuta ba su da wuyar ganewa. Bar kwamfutar a cikin BIOS minti goma kana kallon zafin furosesa. In yana hawa zuwa 80 ko 90 ba ta aikin komai, fanka ba ta zauna ba, ko ka manta ledar da ke manne a ƙasanta. In kuma kwamfutar mutuwa take yi ɗif ba tare da saƙo ba, zargi akwatin wutarta, musamman irin marar sunan nan mai sauƙin kuɗi da nauyi kamar biskit. Kada ka fara ɗorawa a kan ƙaramin janareta da ke ɗauke da firji da dutsen guga. Samu UPS ko na aro ne. Sabunta BIOS kuwa, kada ka kuskura ka yi shi ba UPS, don ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya kashe madabod gaba ɗaya.

Wata hanya mai sauƙi ta raba gardama ita ce tashi daga filash ɗin Ubuntu ba tare da ka ɗora shi ba. In shi ma yana daskarewa, laifin kaya ne, ba na Windows ba.

Bayan ta sake kunna kanta

Da ta gama kwafa za ta kashe ta kunna. In ka ga ta dawo shafin farko na zaɓar harshe, ba lalacewa ta yi ba, daga filash ta sake tashi. Zare shi kawai ka sake kunnawa. Mutane da yawa a nan suke sake goge aikin da ya riga ya yi kyau.

Daga nan za ta nemi intanet da asusun Microsoft. A sabuwar madabod mai yiwuwa ba ta san katin intanet ɗin ba tukuna, sai ka ga babu Wi-Fi ko ɗaya a jeri. Ko dai ka sauke direban tun farko daga shafin kamfanin madabod ka ajiye a filash, ko ka jona wayar Android da igiyar caji ka kunna rabon intanet ta USB, wanda yawanci Windows ke ganewa da kanta. Da haka na wuce. In komai ya zauna, ɗora direbobin madabod, sannan ka koma BIOS ka kunna XMP, ka sake gwada MemTest86 dare ɗaya kafin ka zuba wani abu mai muhimmanci a ciki. Ni sai da na yi haka kafin na fara shigar da sunayen mahauta, kuma duk Juma'a ina kwafe lissafin a filash in ba Baba ya sa a aljihu.