Tafkin Chadi: Tarihin Saka Jirgi a Ruwa Marar Zurfi

Ƙasashe huɗu ne suka haɗa iyaka a Tafkin Chadi: Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Mai duban taswira yakan ga an shafa wa wurin shuɗin launi, an zagaye shi da layi, sai ya ɗauka gaɓar tafkin a tsaye take kamar bakin rijiya. Ba haka abin yake ba. Tafkin shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Ko a 1963, lokacin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, zurfinsa a yawancin wurare 'yan mitoci ne kawai. Kusan kashi casa'in cikin ɗari na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logone yake fitowa, don haka yakan cika wajen Disamba da Janairu, ya ja baya sosai wajen Yuli. Idan ruwa ya sauka da kamu ɗaya a irin wannan shimfiɗa, gaɓa na iya matsawa tafiyar sa'o'i. Shi ya sa babbar wahalar matuƙan wannan tafki tun da can ita ce kai jirgi inda zai yi iyo, da kuma komo da shi tudu. Tuƙin tsakiyar ruwa shi ne mai sauƙin.

Mutanen tsibiran, wato Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, sun daɗe da warware wannan matsala. Jirginsu, kadai, da doguwar ciyawar ruwa da Turawa ke kira papirus ake ɗaure shi, dami bisa dami, goshinsa a tanƙware sama. Ba ya nutsa can cikin ruwa, kuma ba ya tsoron laka. Da doguwar sanda ake tura shi, a dafa ƙasan tafkin a ingiza. Aibinsa shi ne ciyawar na shan ruwa, bayan wasu watanni sai a ɗaura sabo. A kansa aka riƙa ƙetaro da kanwa daga Kanem zuwa gaɓar Barno, inda fatake, cikinsu har da Hausawa, ke ɗaukar ta zuwa kasuwannin yamma da kudu. Sunan wannan sana'a ya kai nesa, domin a 1969 daga garin Bol na Chadi Thor Heyerdahl ya ɗauko waɗanda suka ɗaura masa jirginsa mai suna Ra a Masar. A bakin Shari kuwa, Kotoko na da manyan jirage na katako da ake ɗinke allunansu da igiya.

Jirgin Turawa na farko da ya hau tafkin a bayan raƙuma ya zo. A watan Maris na 1850 James Richardson da Jamusawa biyu, Heinrich Barth (wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim) da Adolf Overweg, suka tashi daga Tarabulus da jirgin katako da aka ƙera a Malta, aka raba shi gida huɗu don a iya ɗora shi. Richardson bai ga ruwan ba, ya rasu a hanya a farkon 1851. Overweg ne ya harhaɗa jirgin a kusa da Maduwari, gabas da Kukawa, a zamanin Shehu Umar, ya sa masa suna Lord Palmerston, ya shiga ruwa a ƙarshen watan Yuni na 1851. Ya yi makonni yana zagaya tsibiran Buduma. A Maduwari ɗin nan ya rasu a Satumbar 1852. Ɗalibi ya lura da lissafin: fiye da shekara guda ana ɗawainiyar kai jirgi bakin ruwa, makonni kaɗan ana tuƙa shi.

Inji ya iso tare da mamayar Faransa. Émile Gentil ya taso daga Kwango a 1895 da wani ƙaramin jirgin ƙarfe mai aiki da tururi, Léon Blot. Tsakanin rafukan da ke zuba a Ubangi da waɗanda ke zuba a Shari akwai tudu, sai aka kwance jirgin gunduwa-gunduwa, aka ɗora wa 'yan dako a ka, yawancinsu ba da son ransu ba. An sake ɗaure shi a kogin Gribingi, ya gangaro Shari, ya shiga tafkin a ƙarshen 1897. Gentil bai daɗe ba ya juya, domin Rabeh na Dikwa da rundunarsa. Sai bayan yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilu 1900, inda Rabeh da kwamandan Faransa Lamy suka mutu, aka kafa Fort-Lamy, Njamena ta yau, hanyar kogin ta zama ta Faransawa. A 1903 wani hafsa, Lenfant, ya gwada wata hanyar: ya hau Binuwai har Garwa, ya bi Mayo Kebbi da fadamar Tuburi ya faɗa Logone. Shi ma dole ta sa ya kwance jirginsa a gaban gangaren ruwa na Gauthiot aka ɗauke shi a ka.

A ganina babu wanda ya sha wuyar tafkin kamar Boyd Alexander, Bature ɗan Ingila da ya iso ta Barno a ƙarshen 1904 da jiragen ƙarfe biyu da ake haɗawa a kwance. An ƙera su musamman don ruwa marar zurfi, amma ya tarar da tafkin a shekarun ƙarancin ruwa. Mutanensa suka riƙa sauka cikin taɓo suna jan jirage da hannu, suna saran ciyawa don buɗe hanya, sauro na cin su. Ga kuma iska. A ruwa mai faɗi marar zurfi, iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas takan tura ruwan gefe guda, ta yadda jirgin da aka ɗaure yana iyo da yamma za a iya wayar gari a same shi zaune a kan laka. Sai cikin 1905, bayan watanni, suka kai bakin Shari. Abin da suka gano shi ne tafkin ya rabu kwari biyu, na arewa da na kudu, da fadama a tsakani. Jean Tilho, wanda ya jagoranci aikin shata iyakar Faransa da Ingila a yankin tsakanin 1906 da 1909, shi ne daga baya ya rarraba yanayin tafkin uku: ƙarami, matsakaici da babba.

Jirgin da ya zauna da gindinsa a tafkin bai yi kama da Léon Blot ba. Daga wajen shekarun 1960, lokacin da tarun leda ya yaɗu kuma cinikin banda ya bunƙasa tsakanin Baga, Maiduguri da kasuwannin kudancin Nijeriya, aka koma ga dogon kwalekwale na katako mai shimfiɗaɗɗen ciki, da ƙaramin inji da ake maƙalawa a bayansa. Masunta Hausawa, musamman daga ƙasar Sakkwato da Kabi, suna cikin waɗanda suka kwararo, har Hausa ta zama ɗaya daga harsunan kasuwa a tsibiran, tare da Barbarci da Larabcin Shuwa. Fifikon wannan inji guda ɗaya ne: ana iya ɗaga shi.

Ga yadda aikin yake. Ba a loda jirgi a inda ya zauna a ƙasa, sai an tura shi ya fara lilo, sannan a riƙa kai masa kaya a ka cikin ruwa. Injin na ɗage, farfela a sama. Da gwangwala, wato doguwar sandar tukurwa, ko wata sanda makamanciyarta, ake turawa har sai matuƙi ya auna ya ga ruwan ya isa. Sannan ya sauke inji, ya ja igiya, ya tafi a hankali. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne injin da ruwan tafkin yake sanyaya kansa, ta wasu ƙananan ƙofofi kusa da farfela. In ya zuƙi laka ko ciyawa ta toshe su, zai yi zafi ya lalace, in kuma farfela ta daki ƙasa ko ta naɗe tsohon taru, tafiya ta tsaya. A kunkuntar hanya tsakanin ciyayi gudu na da wani laifin, domin igiyar ruwan da ya tayar na iya kifar da ƙaramin kwalekwalen masunci. Wajen dawowa sai a juya tsarin: a kashe inji tun da nisa, a ɗaga shi, a koma ga sanda, yara su diro su ja. Daga nan mai jirgi ya kwance injinsa ya saɓa a kafaɗa ya kai gida, don shi ne jarin.

Farin 1973 ya sake raba tafkin biyu kamar yadda Alexander ya gan shi, kwarin arewa ya ƙafe bayan shekaru biyu, kuma a tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin 1963 ba. Gigimi ta Nijar, wadda a da take kwata, wato mashigar jirage, ta wayi gari ruwa ya yi mata nisan kilomitoci masu yawa. A Nijeriya hada-hadar kifi ta matsa daga Baga zuwa Doron Baga. Masunta suka bi ruwa inda ya tafi, ba tare da duban layin taswira ba, suka kafa sababbin kwatoci a tsibiran da suka ɓullo. Abin ya jawo rigima. Sojojin Nijeriya da na Chadi sun yi arangama kan wasu tsibirai a 1983. Darak, wadda masunta daga Nijeriya suka cika, ta shiga ƙarar da Kamaru ta kai Kotun Duniya. Hukuncin 10 ga Oktoba 2002 ya ba Kamaru ita, Nijeriya ta janye a Disambar 2003. Hukumar Tafkin Chadi, da ƙasashen huɗu suka kafa a Fort-Lamy ranar 22 ga Mayu 1964, ta yi aikin sake shata iyakar kafin nan.

Ruwan ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990, amma sai wata matsalar ta taso. Bayan harin Boko Haram a Baga cikin Janairun 2015, hukumomin tsaro a ƙasashen yankin suka taƙaita zirga-zirgar jirage da cinikin kifi da na man fetur, saboda mayaƙan ma da kwalekwale mai inji suke shiga tsibiran. A watan Mayu na shekarar Nijar ta kwashe mazauna tsibiranta zuwa tudu, da yawansu suka isa Gigimi da Bosso a ƙafa, suka bar jiragensu a baya.